Na'urar da Ba Ta San Ciyaman Ba

Shekara goma sha ɗaya Alhaji Maliki ya yi yana shugabantar kwamitin lafiya na unguwarsu a Chanchaga ta Minna, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ganin ya warware takardar da ke cikin kwalin magani ya duba ba. Sana'arsa sayar da kwanon rufi da siminti. Kakansa ya zo Minna lokacin da ake shimfiɗa layin dogo, ya sauka bai koma ba, shi ya sa Alhaji yakan ce shi ɗan gari ne tun kafin a gama yin garin. An ba shi ciyaman ne saboda yana da mota, yana da manyan riguna masu fita a hoto, kuma in aka miƙa masa lasifika hannunsa ba ya rawa.

Asibitin da kwamitin ke kula da shi ɗan ƙarami ne, ɗakuna uku da baranda. Mai duba yara a wurin sunanta Rekiya, gajeruwar mace mai shekara arba'in da 'yan kai, wadda ba ta cika dariya a wurin aiki ba. Hausa ba yaren gidansu ba ce, a kasuwa da bakin aiki ta koye ta, don haka takan ce wa mace "shi" ba tare da ta lura ba. Duk da haka ba a taɓa samun uwar da ta fito daga ɗakinta ba ta gane abin da aka ce mata ba.

Da farkon damina wata ƙungiya ta kawo wa asibitin na'urar gwaji. Girmanta bai wuce na rediyon hannu ba. Ana ɗan soka yatsan yaro a ɗauki ɗigon jini a kan wani tsinke, a zura mata, cikin 'yan mintoci ta nuna lamba. In lambar ta yi sama, alama ce jikin yaron yana fama da irin ƙwayar cutar da maganin antibayotik yake kashewa. In ta yi ƙasa, yawanci mura ce irin wadda take zuwa ta tafi da kanta, an sha magani ko ba a sha ba. Abin da masu na'urar suke so shi ne a daina ɗura wa duk yaron da ya yi tari wannan sirop ɗin na gari da ake zuba wa ruwa a girgiza, domin yawan shansa babu dalili yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi, har ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki.

Ranar da aka ƙaddamar da ita an kafa rumfa, an jera kujerun roba. Alhaji Maliki ya karanta jawabin da mutanen ƙungiyar suka rubuto masa a cikin minti shida, sannan ya ninke takardar ya ƙara nasa na minti arba'in. Ya ce jahilci ne yake kashe yara, ba tari ba. Ya ce akwai iyayen da in yaro ya yi atishawa sau biyu sai ka gan su a ƙofar kemis, kuma da yake faɗin haka wajen matan da ke zaune a baranda yake kallo. Ya yi alkawarin cewa daga ranar duk wanda aka kama yana ba yaro irin wannan magani ba da gwaji ba, kwamiti zai kira shi ya ji dalili. Aka tafa. Ya ɗaga na'urar sama aka ɗauki hoto, kanta a ƙasa, babu wanda ya iya gaya masa.

Bayan sati uku jikarsa Na'ima ta tashi da tari da majina da ɗan zazzaɓi. Shekarunta uku. Ubanta Zakiyyu, ɗan Alhaji, a Abuja yake aiki, sai ƙarshen wata yake zuwa, ita da uwarta Sharifa a gidan Alhaji suke zaune. Sunan mahaifiyar Alhaji aka sa wa yarinyar, saboda haka tarin nata a ƙirjinsa yake sauka. Ya rufe shago, ya sa su a mota, ya tuƙa da kansa.

Ya tarar da mata kusan ashirin a layi. Ya gaishe su da hannu ɗaya ya wuce ciki, Sharifa na biye da shi kanta a ƙasa. Rekiya tana duba ɗan wata mai tallan nono, wadda ta ajiye ƙwaryarta a bakin ƙofa. Ta gaishe da Alhaji, ta nuna masa benci, ta ci gaba da abin da take yi. Ta ɗaga rigar yaron tana kallon agogon hannunta tana ƙirga numfashinsa. Ko Alhaji ya ga yadda ƙasan haƙarƙarin yaron yake shigewa ciki duk lokacin da ya ja iska. Aka soka yatsa, na'ura ta nuna lamba mai yawa. Nan take Rekiya ta haɗa sirop ta ba shi na farko da hannunta, ta rubuta takarda, ta ce wa uwar ta bar nonon nan ta wuce babban asibiti yanzu, ba gobe ba.

Alhaji ya gyaɗa kai cikin gamsuwa. Ya ga na'urarsa tana aiki.

Aka zo kan Na'ima. Rekiya ta ƙirga numfashinta, ta leƙa maƙogwaro da kunnuwa, ta yi gwajin zazzaɓin sauro bai nuna komai ba, sannan ta yi na sabuwar na'ura. Lambar ta fito can ƙasa. Ta juya wajen Sharifa ta yi mata bayani: mura ce, a ba ta farasitamol in jikin ya yi zafi, a yawaita ba ta ruwa, a ba ta zuma cokali ɗaya don tarin, a riƙa share mata hanci. In numfashinta ya yi sauri, ko ta ƙi cin abinci, ko zazzaɓin ya wuce kwana uku, a dawo da ita ba tare da jira ba.

Alhaji ya ci gaba da zama yana jiran sauran. Da ya ga ta rufe katin, sai ya ce, "Sai me kuma?"

"Shi ke nan, Alhaji."

"Kwalbar fa? Irin wadda kika ba wancan yaron?"

"Wancan yana buƙata. Wannan yarinya ba ya buƙata."

Ya yi murmushi irin na mai haƙuri da ƙananan ma'aikata, ya ce wataƙila na'urar ba ta gama hucewa daga gwajin farko ba, a sake. Rekiya ta ce tsinke ɗaya ake ba kowane yaro, kuma na'urar ba ta gajiya. Ya tambaye ta ko ta san jikar wane ne wannan. Ta ce ta sani, amma babu wurin da ake shigar da hakan a jikin na'urar.

Suka shiga mota suka kama hanyar gida. Da suka kusa isa Alhaji ya ce a idonsa aka ba ɗan mai tallan nono magani har da takardar babban asibiti, shi kuma da ya kawo na'urar aka sallame shi da zuma, kamar wanda ya je wajen mai sayar da shayi. Sharifa malamar firamare ce, ta fahimci duk abin da aka ce, har ta ji sanyi a ranta. Ta ce a hankali, "Baba, ai gara da ba a samu komai ba." Ya ce abin da ake cewa kenan in ba a iya nema ba.

Bayan azahar ya nufi kemis ɗin Noah. Saboda jawabin da ya yi, sai ya ajiye motar a bayan gidan mai ya ƙarasa da ƙafa, abin da ya sa duk unguwar ta lura, domin ba a taɓa ganin Alhaji yana tafiya a ƙasa da rana ba. Noah yana da farar riga da abin awon ƙirji da yake ratayewa a wuya, ko da yake robar kunne ɗaya ta daɗe da faɗuwa. Bai nemi ganin yarinyar ba. Ya tambayi shekarunta, sannan ya tambayi irin ƙarar tarin. Alhaji ya waiga ya ga babu kowa, ya dafe ƙirji ya kwaikwayi tarin jikarsa sau uku. Noah ya saurara da idanu a rufe, ya ce wannan tarin ya sauka ƙasa, an yi sa'a da aka zo da wuri. Ya ɗauko kwalba uku, ya ce biyu na kashe cutar ne, ɗaya na ƙara jini, don cutar tana shan jini a hanyarta ta fita.

Kwana biyu Alhaji da kansa yake ba Na'ima maganin, safe da yamma, yana matse mata kumatu tana kuka. Rana ta biyu zawo ya kama ta. Sharifa ta nuna masa, ya ce alhamdulillahi, cutar ce take fita. Rana ta uku tirelar siminti ta iso masa, ya danƙa wa Sharifa kwalaben ya ce kada ta tsallake ko sau ɗaya. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora su a saman kabad inda hannun yarinya ba ya kaiwa, ta ci gaba da ruwa da zuma. Zawon ya tsaya. Rana ta shida Na'ima tana bin kaji a tsakar gida.

Da yamma a majalisar ƙofar shagonsa Alhaji ya ba da labari. Bai ambaci Noah ba, cewa ya yi wani ƙwararre ya duba lamarin. Ya ce da ya bi ta asibitin nan da yanzu wata maganar ake yi. Ashe kowa a wurin yana da irin nasa. Wani ya ce matarsa ta yi wuni a layi ta dawo da shawara kawai, alhali shawara a gida ma akwai ta, uwarsa tana bayarwa kullum ba a tambaye ta ba. Wani ya ce asibitin da ba ya ba da magani ai ofis ne. Malam Kamalu, sakataren kwamiti, ya ce shi ya daɗe yana zargin matar nan tana fifita mutanen daji a kan 'yan gari.

Aka kira taron gaggawa, aka gayyaci Rekiya. Ta zo da littafinta, ta tsaya a gaban maza tara ta yi bayani ba tare da ta ɗaga murya ba. A wata biyu ta gwada yara ɗari biyu da goma. Arba'in da ɗaya aka ba maganin tun ranar farko. Cikin sauran, shida aka dawo da su, ta sake dubawa ta ba uku. Ragowar duk sun warke, ta bi gidajen da yawa daga ciki da ƙafarta ta gani.

Malam Kamalu ya yi lissafi a gefen takardarsa, ya ɗago ya ce, "Wato yara fiye da ɗari da sittin kika mayar gida hannu wofi?"

"Sun warke, Malam."

"Ba wannan na tambaye ki ba."

Ya rubuta a bayanin taro cewa ta amsa da bakinta.

Takardar koken da suka aika sama ba ta ambaci na'urar ba ko sau ɗaya, domin hoton Alhaji da ita yana rataye a ofishin da za a kai takardar. Abin da aka rubuta shi ne rashin girmama manya, nuna bambanci tsakanin marasa lafiya, da rashin iya harshen jama'a, har aka kawo misalin yadda ta kira jikar ciyaman da "shi" a gaban shaidu. Alhaji ya kai takardar da kansa, ya sake komawa sau huɗu don gaisuwa. Kafin damina ta ƙare aka mayar da Rekiya wani ƙaramin asibiti a Gwada, garin doya da ke can wajen Minna. Ta tattara 'yan kayanta a jaka ɗaya, ta nuna wa wanda ya gaje ta yadda ake adana tsinkayen gwaji, ta tafi.

Wanda ya gaje ta sunansa Garba, matashi mai fara'a, wanda ya gane garin a cikin kwana uku. Kowane yaro sai ya yi masa gwaji, ba ya tsallake ko ɗaya. In lamba ta yi sama, sai ya nuna wa uwar ya ce ta gani, ya rubuta sirop. In ta yi ƙasa, sai ya ce an yi sa'a cutar ba ta yi ƙarfi ba tukuna, gara a tare ta tun yanzu, ya rubuta sirop. Layin baranda ya ninka. Maza suka daina ƙorafi. Noah ne kaɗai ya ɗan shiga damuwa, sai kuma ya lura maganin asibitin yakan ƙare tun ranar Talata, daga nan takardun Garba duk wajensa suke zuwa.

Da mutanen ƙungiyar suka dawo duba aiki, sun tarar babu asibitin da ya kai wannan yawan gwaji a duk yankin. Aka ba Alhaji allon yabo na katako. Wata mata daga cikinsu ta tambayi yara nawa aka ba antibayotik bayan gwajin. Garba ya ce littafin yana wajen mai kula da sito, shi kuma ya yi tafiya. Tana shirin sake tambaya aka shigo da shinkafa da kaji, Alhaji ya miƙe ya ce a yi addu'a.

Wata biyu bayan haka Na'ima ta sake yin tari. Alhaji ya kai su wajen Garba, aka soka yatsa, lamba ta yi ƙasa, aka rubuta sirop. Wannan ita ce kwalba ta uku da aka rubuta wa yarinyar tun zuwansa. Sharifa ta kawo ta gida ba ta buɗe ba. Ta zauna tana kallon 'yarta, ta rasa abin da za ta yarda da shi, domin yanzu ko da ciwon na gaske ne, maganar da za a gaya mata ɗaya ce. Ta kira Zakiyyu a waya, ya ce ta yi abin da ta ga ya dace, amma don Allah kada sunansa ya fito.

Washegari Asabar ce. Ta durƙusa ta gaya wa Alhaji tana so ta je Gwada sayen doya, an ce sabuwa ta fito. Ya ce ta yi hankali da hanya, ta dawo kafin la'asar. Ta goya Na'ima ta shiga motar haya.

Asibitin Gwada ɗaki biyu ne, babu wuta. Sharifa ta shiga baranda ta yi sallama, sai ta ji muryoyin da ta sani sun amsa. Mata huɗu na unguwarsu ne a kan benci, kowace da yaro a cinya. Ta ƙarshe ita ce Zulaiha, matar Malam Kamalu sakatare. Ɗaya ta ce ita ta'aziyya ta zo, ta ga asibiti a hanya. Wata ta ce ƙanwarta ce ta haihu a nan kusa. Zulaiha ba ta wahalar da kanta ba, ta matsa ta ba Sharifa wuri, ta tambaye ta me ta ce a gida. Sharifa ta ce doya. Zulaiha ta ce ita ma doya, kuma wannan zuwanta na uku kenan.

Rekiya ba ta nuna mamaki ba da ta gan ta. Ta ce a nan ba ta da na'ura, sai idonta da agogonta. Ta ɗaga rigar Na'ima ta ƙirga numfashi na minti guda cur, ta sake ƙirgawa, ta saurari ƙirjin, ta duba maƙogwaro. Ta ce mura ce, a bar kwalbar a rufe. Sannan ta kama hannun Sharifa ta ɗora a cikin yarinyar, ta koya mata yadda za ta ƙirga da agogon wayarta lokacin da yarinyar take kwance ba ta kuka. In ya kai arba'in a minti ɗaya, ko ta ga ƙasan haƙarƙari yana shigewa, kada ta zo Gwada, kada ta je kemis, ta wuce babban asibiti a Minna kai tsaye. Ta sa ta gwada sau biyu a gabanta har ta ga ta iya.

Sharifa ta so ta ba da haƙuri a kan abin da ya faru, ta fara maganar ta kasa ƙarasawa. Rekiya ta ce ta bar shi, nan ma yara ne, kuma suna da yawa. Ta tambayi na'urar. Sharifa ta gaya mata yadda ake yi da ita yanzu, ba ta rage komai ba. Rekiya ta ci gaba da rubutu a kati, can ta ce, "Ki gaya wa yaron nan kada ya bar tsinkayen a bakin taga. Zafi yana lalata su."

Su biyar suka fito tare suka nufi kasuwa, har da mai ta'aziyya da mai barka. Kowace ta sayi doya daidai abin da za ta iya ɗauka da goyo, suka cika bayan mota ɗaya. Da suka iso Minna suka sauka a wurare daban-daban.

Ranar aka yi sakwara da miyar agushi a gidan Alhaji. Ya ci ya ƙara, ya ce rabonsa da doya irin wannan tun yana yaro, ya umarci Sharifa ta riƙa zuwa duk wata. Na'ima ta warware a cikin satin, ya aika wa Garba da gaisuwa.

Kafin shekara ta ƙare maganar ta kai majalisa. Wani ya ce shi fa ya gaji da doya, sati uku kenan a jere. Malam Kamalu ya ce nasa gidan har a ƙarƙashin gado akwai ta. Aka yi ta mamakin abin da ya haɗa matan unguwa da Gwada haka. Alhaji Maliki ya bari kowa ya gama, sannan ya gyara zaman hularsa ya yi musu bayani. Ya ce abin a fili yake: tunda kwamiti ya gyara asibiti, hankalin mata ya kwanta a kan lafiyar yara, shi ne suka samu sukunin kula da tukunya. Ya ce wa Malam Kamalu ya sa wannan a rahoton ƙarshen shekara, a ƙarƙashin nasarori.